Daga Kano zuwa garejin Buzaye, neman garkuwar ƙarƙashin mota

Ƙarfe 6:30 na safe muka bar Kano, bayan na biya naira 18,000 kuɗin kujerar gaba. Direba ya ce yana so rana ta ɗaga kafin mu shiga tsakanin Funtuwa da Tsafe, kuma duk wanda ke cikin motar ya san dalili. Da muka kai wurin hira ta mutu, sai carbi kawai ake ja. Mun ci abinci a Gusau, muka wuce Talata Mafara da Tureta, muka shiga Sakkwato ta Dange da Shuni da la'asar. Tafiyar ta haura kilomita 500, ta cinye mana awa tara. Na sauko ƙafafuna sun kumbura, iska mai zafi ta doke ni a fuska kamar na leƙa gidan burodi.

'Yan kabu-kabu ne suka fara ba ni mamaki. Mu a Kano tun 2013 aka hana acaɓa, har na manta yadda ake ɗare bayan babur da jaka a cinya. Naira 500 ya kai ni masauki.

Abokina ne ya gayyato ni. Albasa da tafarnuwa yake saye a fadamun Wurno da Goronyo, da wata tsohuwar Toyota Hilux. Watan da ya wuce marmara ta bugi ƙasan motar a hanyar gona, man giya ya tsiyaye bai sani ba, haƙoran ciki suka cinye juna kafin ya hau kwalta. Ribar lodi uku ta tafi a gyara.

Washegarin isata ƙarfe 9:00 muna garejin Buzaye don a sa wa motar garkuwa, inda ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai. Maigidan da muka je wurinsa dattijo ne, ya shimfiɗa kwali ya ce in kwanta in gani da idona. Na kwanta. A tsakiyar ƙafafun baya ga wani dunƙulen ƙarfe kamar tukunya, farfela ta shige cikinsa. Shi ne difaranshal. Yana karɓar ƙarfin inji ya raba wa tayoyin baya, ya bar ta waje ta fi ta ciki gudu in an sha kwana. Ya ɗora yatsa a kan notin zubar da mai da ke gindin tukunyar, duk duwatsu sun gurje shi.

"Malam, diba wanga wuri," in ji shi. "Shi aka hwara bugewa."

Nan na koyi abin da ban sani ba. Na ɗauka in an ɗaga mota da dogayen sifirin an rabu da matsalar. Ashe jikin motar kaɗai ke tashi, tukunyar tana nan inda take, domin tana tare da tayoyi. Manyan tayoyi ne kawai ke ɗaga ta, shi ma kaɗan.

An daɗe ana muhawara kan ƙarfen da za a sa. Akwai na alminiyam, marar nauyi, amma dutse na yagar sa. Akwai falle mai kaurin milimita 3, mai araha, wanda dattijon ya lanƙwasa gefensa da guduma sau biyu don mu gani. Aka tsaya a kan mai milimita 6. Abokina ya so a like shi da walda a jikin aksil a huta. Dattijon ya ƙi. Ya ce zafin walda na iya karkatar da aksil ya ƙone robobin da ke tare mai, kuma ran da aka so cirewa sai an yanka. Ni ma na ga gaskiyarsa. Aka lanƙwasa ƙarfen kamar tafin hannu, gabansa a karkace don ya zame a kan dutse maimakon ya ci karo, aka ɗaure shi da maɗaurai biyu masu noti. Aka huda ƙasa daidai notin mai, aka bar ratar yatsa ɗaya tsakaninsa da tukunyar. Wani yaro ɗan shekara kamar sha biyar ya gwada shi sau huɗu yana shiga yana fita, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Awa huɗu aka yi, ƙarfe da aiki naira 45,000.

Da yamma muka haye gadar Rima muka nufi Kware, kusan kilomita 20, muka saki kwalta muka bi hanyar amalanke. Tayoyi sun yi rami biyu, tsakiya ta yi tozo. Can sai na ji ƙarar gurza a ƙarƙashinmu, gabana ya faɗi. Muka tsaya muka leƙa: fenti ya tashi daga garkuwar, tukunyar ko ɗigon mai babu. Amma har yashi ya fara taruwa a cikin ratar.

Dattijon ya riga ya gargaɗe mu kan wannan. Laka in ta bushe a ciki tana riƙe zafi, tana kawo tsatsa, tana ɓoye yoyo. Mai irin wannan motar, in ka sa garkuwa, ka wanke cikinta duk dawowa daga gona, ka sake ɗaure notocin bayan mako guda.