Tsohon Jakin Babanmu a Daura

Da sanyin safiyar wata Asabar na bar Kano, na bi ta Kazaure, ana tsakiyar bazara. Kafin azahar na isa Daura. Gonaki sun yi fayau, babu kore sai darbejiya da gawo, itacen da ke fid da ganye da rani ya zubar da shi da damina. Ba yawon buɗe ido ya kawo ni ba, sulhu aka kira ni in yi.

Tun da Baba ya yi ritaya daga koyarwa ya killace wata 'yar gona a hanyar Sandamu, ya zuba tumaki da zabi da tattabaru, don sha'awa kawai. A cikinsu akwai wani jaki aura da ya yi shekaru yana kai taki gona, yana kawo mana ruwa. Yanzu haƙoransa sun cinye, bayansa duk tabon mangala, ko buhu ɗaya ba ya iya ɗauka. A kansa gida ya rabu biyu.

Yaya ya ce a kai shi kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. Hujjarsa ba ta banza ba ce: da bazara harawa da dusa sukan yi tsada, ga kuɗin makarantar yara. "Baba, ku yi haƙuri," in ji shi, "dusar da yake ci a wata ta isa ta riƙe tunkiya biyu masu haihuwa."

Baba ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Wa zai sayi tsohon jaki don aiki? Ka san inda za a kai shi."

Kowa ya sani. Irin waɗannan jakuna akan loda su a mota zuwa Kudu a yanka, fatar kuma ta nufi Sin, inda ake dafa ta a yi wani magani. Wannan ciniki ya sa Nijar, da ke maƙwabtaka da masarautar nan ta iyakar Kwangwalam, ta hana fitar da jakuna a 2016. A watan Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ma ta amince da hana yanka su don fata.

Da la'asar na fita shan iska, na tsaya a rijiyar Kusugu. A wata ruwaya, ruwan da Bayajida ya roƙa a gidan tsohuwa Ayana har da na shayar da abin hawansa. Na wuce ta ƙofar fada, na tuna dawakan hawan Sallar Gani da adonsu. Muna yi wa doki kwalliya domin yana ɗaga darajarmu, jakin da ya ɗauki wahalarmu kuwa sanda ce ladansa. A ganina, amanar dabba ba ta ƙarewa ranar da amfaninta ya ƙare.

Sai dai ban ga laifin Yaya ba, domin shi ke riƙe da gidan. Tausayin da wani zai biya kuɗinsa yana da sauƙin furtawa. Inna ce ta fito da wannan fili bayan sallar isha'i. Ta dube ni ta ce, "Kai da ka zo daga birni da daɗin baki, nawa za ka riƙa aikowa?"

Na yi shiru, kunya ta rufe ni. A nan na ɗauki nauyin dusarsa duk wata, Yaya ya janye maganar kasuwa, ko da yake bai ce ya gamsu ba.

Washegari Lahadi, motocin dabbobi na ta wucewa zuwa Mai'aduwa. Na leƙa gona in yi sallama, na tarar da Baba a gindin gawo yana jiƙa dusa da ruwa domin jakin ya iya haɗiya.