Ƙara Murya Ba Shi Ne Ji Ba

A shekarun da nake karatun digiri na uku a Amurka, na shaƙu da wani dattijo Bahaushen Kumasi da ke tuƙa tirela tsakanin jihohi. Wani hutun hunturu ya ce: “Malam, ka ajiye littattafan nan, zo ka ga ƙasar da kake zaune a cikinta.” Na amsa, muka kama babbar hanya mai lamba 80 zuwa yamma.

A gaban motarsa akwai ɗan akwatin da direbobin can ke kira rediyon CB, wato zangon da hukuma ta ware wa jama'a tun 1958. Yana aiki a kusa da megahaz 27, tashoshinsa 40 ne, kuma doka ta ƙayyade ƙarfinsa a wat 4 ga mai magana ta tsarin AM. Tasha ta 9 ta neman agaji ce, ta 19 kuwa ita ce dandalin masu manyan motoci, inda na gaba ke shaida wa na baya halin da hanya take ciki.

Wani dare a jihar Wayomin, iska na kaɗa dusar ƙanƙara, sai wata murya ta ɓullo tana maimaita magana cikin gaggawa. Alhaji ya murɗa murya har ƙarshe. Abin da muka samu shi ne shuuu mai cika kunne da wani zunzurutun kuka da ke bin totur. Kalma ɗaya ba mu kama ba. Muna karya kwana sai ga motoci cirko-cirko a kan ƙanƙara. Allah ya taimake mu ba gudu muke yi ba. Tirelar ta ja ƙafa, ta tsaya 'yan taku kaɗan daga ta gabanmu. An gargaɗe mu, saƙon ya iso har cikin motarmu, amma muka kasa ji.

Washegari a wani masaukin direbobi muka duƙufa a kan akwatin. Ni ba injiniya ba ne, sai dai abin da na gani a ranar ya zauna mini. Da farko, sifikar rediyon 'yar ƙarama ce, kuma a ƙasan akwatin take, tana kallon daɓen mota. Muka sayi wata ta daban, wadda aka ƙera domin magana, muka kafa ta kusa da kunnen direba. Abin da ke sa a fahimci maganar ɗan Adam yana tsakanin haz 300 da 3,000 ne, don haka sifikar kiɗa mai kauri ba ta da amfani a nan.

Sai kukan da ke hawa da sauka tare da totur. Wannan daga na'urar da ke cajin batir yake shigowa, ta wayar wuta, domin an jona rediyon ne a kafar caja. Muka ja masa waya kai tsaye daga batir, da fis a kusa da batirin. Muka kuma gano cewa wata cajar waya mai arha ita kaɗai tana zuba tsaki a kowace tasha. Ana zare ta wuri ya yi tsit. A gindin eriya kuma tsatsa ta raba ƙarfe da ƙarfe, aka kankare, aka ɗaure da kyau.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. Akwai maɓallin da ke rage kaifin kamun rediyon. Alhaji ya shekara yana ajiye shi a ƙololuwa, a zatonsa hakan ne zai sa ya ji kowa. Alhali direba ba ya buƙatar muryar da ke zuwa daga wata uwa duniya. Wanda ke 'yan mil kaɗan a gabansa shi ne mai ceton ransa. Da aka sassauta maɓallin, hayaniyar nesa ta kwanta, na kusa ya fito sarai. Shi kuwa maɓallin toshe hayaniya ba ya wanke komai, ƙofa kawai yake rufewa. In aka matsa shi da yawa, mai raunin murya ma a waje zai kwana. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce: “Ka ga, Malam, duk kuɗina a kan makirfo na kashe su, don a ji ni.”

Maganar ta tuna mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa, da rediyonsa mai gajeren zango. In labaran asuba suka soma shaƙewa, ba ya taɓa murya. Yakan tashi ya gyara wayar da ya ɗaura wa eriya, ya juya akwatin, ya ce a yi shiru. Ya san abin da mu biyu muka jahilta a daren nan: in ka ƙara murya, da saƙo da hayaniya tare suke ƙaruwa.

Yau ina tsayawa a gaban ɗaruruwan ɗalibai da makirfo a hannu, ina zama a tarukan da kowa ke jiran na gabansa ya ja numfashi don ya karɓe magana. Na sha kama kaina ina ɗaga murya a inda ya kamata in nemi abin da ke hana ni ji: fushi, ko waya a tafin hannu, ko hukuncin da na riga na yanke. Ɗalibin da ya fi buƙatar a saurare shi yawanci shi ne mai ƙaramar murya, wanda ke tsayawa a bakin ƙofar ofis yana inda-inda, kuma na san akwai waɗanda na rufe a waje.

Alhaji ya daina tuƙi, ya koma gida. Duk sanda muka yi waya, kafin gaisuwa ta yi nisa yakan tambaya: “Malam, kana ji na da kyau?” Nakan ajiye abin da ke hannuna kafin in amsa.