Ɗaki biyu a kwamfuta guda

Kwamfutata idan na kunna ta ba ta zarcewa kai tsaye. Wani baƙin allo ne ke fara fitowa da ƴan layuka, ya ba ni daƙiƙa goma in zaɓi inda zan shiga: Linux Mint ko Windows. Sunan allon nan GRUB. Abokai da dama sun ɗauka lalacewa ce, har akwai mai ce mini in kai ta wurin mai gyara tun ba ta mutu ba. Lafiyarta lau. Ni na raba faifanta biyu da gangan, kamar mai gidan da ya ja katanga a tsakar gida, ya bar ƙofar zaure guda.

Da yawanmu mun tashi muna zaton Windows ita ce kwamfuta, kamar yadda kowane dunƙulen miya ya zama Maggi, kowane garin sabulu ya zama Omo. Alhali Windows sistem ne kawai, wato babban tsarin da ke zaune tsakaninka da ƙarfen, shi ke karɓar abin da ka danna ya kai inda ya dace. Akwai wasu. Linux wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta shi a 1991, yana ɗan shekara 21, sa'anmu ke nan. Ya sake shi kyauta, mutane suka yi ta ƙari a kai har yau. Kuma kada ka ce ba ka taɓa ganin sa ba: wayar Android da ke aljihunka a kan zuciyar Linux aka gina ta.

Abin da ya fara tura ni shi ne kle. Duk ɗalibin da ya taɓa kai kle wurin masu fotokofi a buga masa aiki ya san ciwon nan. Ka dawo ɗaki, ka soka kle, ka tarar dosiyoyinka duk sun koma rakursi, kowanne da ƴar kibiya a gindinsa. Ka danna guda, birus ya shiga kwamfutarka, gobe kai ma ka ɗauka ka kai wa na gaba. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, galibi wannan birus ba ya share komi. Ɓoye ainihin dosiyoyin yake yi, ya ajiye na bogi a wurinsu. To shi an rubuta shi ne don Windows, harshenta kawai yake ji. In ka soka kle ɗin a Linux sai ya zama baƙon da bai iya gaisuwa ba: ga shi nan kwance a fili, fishiye kamar kowane fishiye, ga kuma dosiyoyinka na gaskiya a gefensa, don Linux ba ta kula da alamar ɓoyon da Windows ke bi. Ka share shi, ka kwashe kayanka. Yanzu duk kle da ya kwana a waje, ta ƙofar Linux yake shigowa. Ƴan ajinmu sun gane haka, lokacin ajiye memuwar ɗakinmu har layi ake yi. Ban ce Linux ba ta kamuwa da komi ba, amma cutar da ke yawo a klelolinmu ba tata ba ce.

Sai maganar tsufa. Kwamfutata gwanjo ce, kamar ta kusan kowa a nan, ram ɗinta jiga huɗu. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai wanda ya shiga wani tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma injin da bai tsufa ba, kuma galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ko 2018 ba su cika su ba. Ka duba kasuwanninmu daga Yamai har Damagaram, ka gaya mini kwamfuta nawa ce a kan tebur ta wuce wannan shekarun. Injin bai mutu ba, allon bai fashe ba, wani ne can nesa ya yanke cewa lokacinta ya yi. Wanda iyayensa suka sayar da buhun gero ko tunkiya suka saya masa, ba zai yar da ita don wannan ba. A ɓangaren Linux, da fuskar nan mara nauyi da ake kira Xfce, tsohuwar nan tashi take yi garau, kuma gyaran tsaro na zuwa mata. Ga wani abu da mai sayen mega da kuɗin abincinsa zai fahimta: Mint tana nuna maka jerin abin da za a sabunta da nauyinsa, kai ke cewa yanzu ko sai ka samu wifi. Saboda haka in zan shiga intanet, ta Linux nake bi. Windows na yanke mata intanet kusan gaba ɗaya, tana zaune a ɗakinta kamar amarya.

Amma babban dalilin yana cikin karatuna ne. Kimiyyar harshe nake yi, kuma aikin da ke gabana a kan maganar mutanen Maraɗi ne: wa ke cewa "shina zuwa", wa ke cewa "yana zuwa", tsofaffi ko matasa, a gida ko a kasuwa. Na ɗauki muryoyi, na zauna na rubuta su kalma bayan kalma, fishiye arba'in da wani abu. Yanzu sai ƙirga. In ka buɗe Word ka nemi "yana", zai kawo maka har da "bayanai". In ka nemi "shina", ga "bashina" da "kishina" sun shigo layi. E, akwai wurin da za ka danna ya nemi cikakkiyar kalma, amma fishiye ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta adadi a takarda, in waya ta yi ƙara ka manta inda ka tsaya. A Linux akwai wani tsohon ɗan aike mai suna grep. Layi guda za ka rubuta masa a baƙin allon umarni, ya ratsa fishiyoyin duka kafin ka ajiye kofin shayi, ya ce maka wannan tsohuwar sau kaza, wancan saurayin sau kaza. Ka haɗa shi da sort da uniq, su jera maka duk kalmomin da ke cikin hirarrakin, daga wadda ta fi yawa har wadda aka faɗa sau guda. A irin wannan jerin ne ka kan ga abin da kunnenka ya tsallake, kamar yadda mutum guda zai ce "biyat" da safe a gida, ya ce "biyar" in ya ga makirfo ya matso.

Ga kuma rigimar baƙaƙenmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Kilabiyen da ke hannunmu na Faransanci ne, AZERTY, an tanadi é da ç da ù, ba a san da mu ba. Akwai kilabiyen Hausa a Windows da Linux duka, amma a kan QWERTY aka gina su, yatsun da suka saba da AZERTY sai su yi ta tuntuɓe. A Windows mutane na amfani da Keyman na ƙungiyar SIL, kuma yana aiki, ban raina shi ba. Ni dai abin da ya burge ni a Linux shi ne na buɗe wani ɗan fishiye na rubuta layi takwas, huɗu na ƙananan baƙaƙe huɗu na manya, na ce in na danna maɓalli kaza sannan k, a ba ni ƙ. Shi ke nan. Ina iya karanta abin da na rubuta, ina iya canza shi, ina iya tura wa wani ta WhatsApp. Haka nan in na samo rubutu daga Najeriya, inda ake rubuta 'yan da 'ya'ya da waƙafi a sama, mu kuma ƙa'idar da aka kafa a Nijar a 1999 ƴ ta ba mu, da umarni guda nake daidaita su duka, don kada ƙirga ta raba kalma ɗaya gida biyu. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025 ake ta muhawara a fada da rediyo. Ni tambayata ƙarama ce: sakataren da za a ce ya buga takarda da Hausa, ina zai samu ƙ a kilabiyensa? In bai samu ba zai rubuta k, "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata".

Akwai abin da malamanmu ke yawan faɗa, cewa mai harshe guda ba ya ganin nahawun harshensa. Sai da na koyi Faransanci na lura Hausa na bambanta "kai" da "ke", abin da "tu" bai damu da shi ba. Haka ya faru da ni a nan. Sai da na zauna a Linux na gane cewa faifan C, da maɓallin farawa, da yawo a intanet neman shiri kana danna "suivant" sau biyar, duk al'adun gida guda ne, ba haka Allah ya halicci kwamfuta ba. Wani ya zauna ya zaɓa, kuma ana iya zaɓen wani abin.

To in haka ne me ya hana ni share Windows in huta? Akwai masu wannan ra'ayin, masu zafi kamar sabon tuba, kuma ban bi su ba. Malamin da ke duba aikina da Word yake gyara, da jan rubutu da sharhi a gefe. LibreOffice na buɗe irin wannan fishiyen, amma misalan kimiyyar harshe layi uku ne a jere, kalma a sama, fashin ta a ƙasa, ma'ana a ƙarƙashi, kuma in tazara ta goce ko kaɗan sai fashin wata kalma ya koma ƙarƙashin wata. Ba zan kai wa malam aiki a karkace in ce masa laifin sistem ne ba. Shirye-shiryen SIL na haɗa ƙamus, irin su Toolbox da FLEx, a Windows suka fi zama daram. Praat da muke auna sauti da shi, wanda aka yi a jami'ar Amsterdam, da ELAN na rubuta hira daidai da murya, su ba ruwansu, ko'ina suna tafiya. Sannan gaskiya guda: ranar da za ka nemi aiki a ofis ko a wata ƙungiya, Word da Excel za a tambaye ka. Wanda ya ƙi koyon su don fushi da Microsoft, kansa ya yi wa.

Wani zai ce ai ana iya kunna sistem cikin sistem, ba sai an raba faifai ba. Gaskiya ne, akwai VirtualBox, kuma ita kanta Windows tana da hanyar ɗaukar Linux a cikinta. Amma wannan goyo ne, kuma jiga huɗu ba su goyon kowa. Da rabon faifai, wanda ka kunna shi ke da injin duka. Ga kuma wata riba: ranar da Windows ta ƙi tashi, ta tsaya a shuɗin allon nan, Linux na iya shiga ɗakinta ta kwaso maka fishiyoyinka. Ita Windows ba ta iya rama wannan alherin, don ba ta karanta irin tsarin faifan Linux. Shi ya sa na yanke wani yanki na uku da dukansu ke gani, nan muryoyin da na ɗauka suke, ban da kwafin da ke wani faifai na waje. Cikin waɗanda na ɗauka akwai tsofaffin da ba lalle in koma in same su ba.

Abin ba kyauta ba ne duk da ba a biyan ko dala. Sauko da Mint kusan jiga uku ne, gara ka nemi wanda ke da ita a kle. Kuma daga kle ɗin kana iya kunna ta ka gwada kwana biyu ba tare da ka taɓa faifanka ba, ka ga ko wifi da sauti na aiki, don akwai injinan da ke gardama. Lokacin rabon faifai shi ne lokacin haɗari. Ka kwafe duk abin da kake so a wani wuri tukuna, ka cika batir, kuma kada ka fara a tsakiyar Afrilu da rana tsaka lokacin da kuran ke zuwa yana komawa, musamman in batirinka irin wanda ba ya riƙe minti goma ne. Windows ake fara sakawa, Linux ta biyo baya, don Linux na ganin maƙwabciyarta ta sa ta a jeri, ita kuwa Windows yi take kamar ita kaɗai ce a gidan. A kashe mata saurin tashin nan da take yi, in ba haka ba tana barin faifai a kulle, Linux ta iya karantawa amma ta kasa rubutu.

Sai agogo. Linux na ajiye lokacin duniya na Girinwic a cikin injin, ta ƙara awa guda ta Nijar in za ta nuna maka. Windows kuwa abin da ta tarar a injin shi take ɗauka lokacin gari. Don haka in ka fito daga Linux ka shiga Windows, sai ka ga agogo ya koma baya da awa guda cif, yana ce maka ƙarfe uku alhali an kira la'asar. Umarni guda ke gyara shi, da wani ɗan shiri mai suna timedatectl, ka ce wa Linux ta bi lokacin gari ita ma. A yi shi tun ranar farko, kafin ranar jarrabawa.