Kanwar Inna a ɗakin gwaji

Ranar da na gaya wa Baba zan koma Lome in yi digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, sai ya yi shiru, can ya ce: "To, in ka gama, me za ka sayar?" Ban ga laifinsa ba. A gidanmu na Kpangalam, karatun da bai kai mutum asibiti ko ofis ba, ɓata lokacin shago ne. Ni kuwa abin da na zaɓa shi ne sanin gishiri da duwatsu da ƙarafa, da dokokin da ke sa zafi ya gaggauta haɗuwar abu da abu.

Na rasa bakin da zan yi masa bayani, domin da Faransanci aka koya mini komai. Inna ce ta fitar da ni, ba da saninta ba. Da yamma na ga ta jefa kanwa a tukunyar wake, na tambaye ta dalili. Ta ce, "Kai da karatunka, ba ka san kanwa na sa wake ya nuna da wuri ba?" Na sani, har da abin da ya sa. Yawancin kanwa sodiyam kabonet ne da ɗan'uwansa bikabonet. Su ke kashe tsamin ruwa, su sassauta abin da ke riƙe da ƙwayoyin waken. In ta yi yawa kuma takan lalata bitamin B1, amma wannan ban gaya wa Inna ba, ina son tuwona.

Kanwar nan ita fatake suka riƙa ɗaukowa daga Barno a bisa jakuna, su ratsa ƙasar nan zuwa Salaga su sayo goro. Kakanninmu sun san jar kanwa da ungurnu da ido da harshe, ba su san dalili ba. Yau Togo tana haƙar fosfat a Hahotoe, a wanke shi a Kpeme, a loda mafi yawansa a jirgin ruwa ɗanye, mu kuma mu sayi taki daga waje da tsada. Wanda zai sarrafa dutsen nan a gida, irin karatuna zai yi.

Haka na faɗa wa Baba. Bai ce ya gamsu ba. Ya dai ce ƙanena zai riƙe shago shekara biyu, ban da kwana ɗaya a kai. Da zan hau mota, Inna ta ƙulle mini kanwa a leda, ta ce in auna mata ita, don ta jima tana zargin mai sayar mata da zuba ƙasa.