Rariyar Ɗakin Kaka

Sa'ad da na ke aji biyar na makarantar firamare, kakata ta wajen uba ta taso daga ƙauye ta dawo Kano wurinmu da zama, gama tsufa ya kama ta, ga shi kuwa tana fama da fuka, watau ciwon nan da ke sarƙe numfashi, har ka ji ƙirjin mutum yana kuka kamar ana busa sarewa. Ta iso mana a tsakiyar bazara. Duk wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san abin da na ke nufi. Da rana awon zafi ya kan haura digiri 40, da dare kuwa bango ya yi ta aman zafin da ya sha tun safe.

Can ƙauye ɗakinta soro ne na ƙasa, mai kaurin bango, da rufin azara. Irin wannan gini ba ya saurin ɗaukar zafi, kafin zafin rana ya ratsa bangon ya kai ciki, rana ta faɗi. Gidanmu kuwa na bulo ne, rufinsa kwano. Kwana uku da zuwanta ta dubi mahaifina ta ce, in dai gasa ta ya ɗauko ta ya yi, to, ya nemo ƙuli-ƙuli da yaji a barbaɗa mata.

Baba ya yi dariya, amma maganar ta shige shi. Bai huta ba sai da ya harhaɗa kuɗi ya sayo na'urar sanyaya ɗaki, wadda mutanen gari ke kira iyakwandishan. Ba sabuwa ba ce, 'yar kwatano ce, amma da sauranta. Kashi biyu ce. Aka kafa kashi ɗaya a bangon ɗakin Kaka daga ciki, aka ɗora ɗayan bisa ƙarfe a bayan ɗaki, aka haɗa su da siraran bututu biyu na jan ƙarfe. Da mai kafawar ya gama, ya ɗaga murfin ta cikin, ya zaro wata 'yar raga mai ƙananan idanu, ya nuna wa Baba. Ya ce masu sana'arsu filta su ke ce mata, amma aikinta aikin rariya ne: duk iskar da za ta shiga na'urar sai ta bi ta cikinta, ita kuwa ta tare ƙura. Ya ce a riƙa wanke ta duk mako biyu.

Baba ya waiwayo ya dube ni, ya ce, “Ka ji? Wannan aikinka ne.”

Na durƙusa na ce, “To, Baba.”

Da fari na riƙe aikin da murna. Ran Asabar in kashe na'urar daga jikin bango, in hau kujera, in zaro rariyar, in kai ta bakin famfo in wanke da ruwa da ɗan sabulu, in shanya a inuwa, in ta bushe sarai in mayar. Kaka ta kan zauna bisa tabarma tana kallona tana tsokana, ta ce, “Yauwa maigidana, ashe dai ban yi zaɓen banza ba.” Amma kun san halin yaro. Damina ta faɗi, ƙwallo ya ɗauke mini hankali. Mako biyu ya zama wata guda, wata guda ya zama wata biyu. Da na ga ban wanke ba kuma na'urar ba ta fasa ba da sanyi ba, sai na ce a raina, ashe maganar mai kafawa zuƙi ta malle ce. In Baba ya tambaye ni, in ce na wanke. Wannan ƙaryar ita ce abin da ya fi ci mini rai daga baya, fiye da ƙyuyar kanta.

Hunturu ya zo, aka daina kunna na'urar, ba wanda ya ko rufe ta da ƙyalle. Ƙurar hunturu kuwa ba irin ta kan hanya ba ce. Iska ce ke kwaso ta daga Hamada, da yawanta daga wani kwari da a ke kira Bodele a ƙasar Chadi, inda a zamanin da can akwai babban tafki, ya ƙafe ya bar laka mai laushi kamar garin alabo. Saboda tsananin laushinta ba ƙofar da ke hana ta shiga. Wata uku tana sauka a kan kome na cikin ɗakin, har da rariyar da ta riga ta yi kauri.

Ran da zafi ya komo aka kunna na'urar, wani wari ya cika ɗakin, kamar na tsumman da aka jiƙa aka manta da shi a lungu. Kaka ta ce hancinta na yi mata ƙaiƙayi. Aka ce ai don an daɗe ba a kunna ba ne, zai wuce. Aka rufe taga da ƙofa ruf, don kada sanyi ya fita. A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, muka ji ana buga ƙyaure. Muka tarar da Kaka zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta, tana jan numfashi da ƙyar, ba ta ko iya kiran sunan kowa. Ban taɓa ganin Baba ya ruɗe kamar daren nan ba. Aka nemo mota aka kai ta asibiti. Ni kuwa na kwana zaune a tsakar gida, na san abin da na sani, ban gaya wa kowa ba.

Allah ya taimake mu, da gari ya waye numfashinta ya daidaita. Likita ya tambayi Baba irin ɗakin da ta ke kwana, ko akwai ƙura, ko hayaƙi, ko danshi, gama waɗannan su ne kan tayar wa mai fuka ciwonsa. Ya ce kafin a mai da ita gida a duba ɗakin. Saboda haka Baba ya aika aka kirawo mai gyara, wani dattijo mai furfura a gemu, ya zo da jakar kayan aikinsa a bayan babur.

Da ya ɗaga murfin ya zaro rariyar, sai ya yi shiru. Ba a ganin idanunta ko ɗaya. Ƙura ta dunƙule a kanta ta zama kamar tsohon bargo, har ana iya ɓamɓaro ta da hannu. A bayanta, jikin ƙarafunan na'urar, ga baƙin fumfuna ɗigo-ɗigo. Ya ce, “Alhaji, wa ke wanke wannan?”

Baba bai ce kome ba, ni kawai ya duba. Na sunkuyar da kai na ce, “Ni ne, Malam. Rabona da ita tun farkon damina.”

Na zaci duka zan sha. Amma dattijon nan ya ce da Baba ya ara masa ni, zan riƙe masa kayan aiki. Ya ce yaron da bai san dalilin aiki ba, ko an doke shi gobe ma zai sake. Muna aiki yana yi mini bayani, kuma har yau ban sami malamin da ya fi shi iya fahimtar da mutum ba.

Ya ce, “Samari, me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?”

Na ce ban sani ba.

Ya ce randa gumi ta ke yi. Ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, shi kuwa ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da ya ke jikinsa. Haka gumin jikinmu ke sanyaya mu. To, na'urar nan ma dabararta ke nan. A cikin bututun jan ƙarfen akwai wani sinadari, wanda masu gyara ke kira gas. In ya iso kashin da ke cikin ɗaki yana ruwa-ruwa, sai ya zama tururi, ya kwashe zafin iskar da fanka ke turowa ta kansa. Daga nan ya bi bututu ya fita waje, wani inji ya matse shi da ƙarfi, wata fanka ta kore zafin da ya ɗauko, ya koma ruwa, ya sake shigowa. Ya kai ni bayan ɗaki ya ce in tuna irin hucin da na kan ji in na gitta ta gaban kashin waje. Ya ce wannan zafin ɗakin Kaka ne a ke zubarwa. Ashe na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi, zafi ta ke kwashewa daga ciki ta kai waje, kamar yadda a ke kwashe ruwan da ya shiga ɗaki da ƙwarya.

Sa'an nan ya nuna mini abin da ƙyuyata ta jawo. In rariya ta toshe, iska ba ta samun hanyar wucewa sosai, injin ya yi ta wahala, ya sha wuta da yawa, sanyin kuwa kaɗan. Wani lokaci har ƙanƙara ta daskare a jikin ƙarafunan, in ta narke ta yi ta ɗiga a bango. Ban da wannan, kullum na'urar tana aiki tana tatse laimar da ke cikin iska, kamar yadda raɓa ke taruwa a jikin kwanon ruwan sanyi. Akwai 'yar tiyo da ke fid da wannan ruwa waje. Tamu ta cushe da laka. Ruwa ya kwanta a ciki, ga ƙura, ga duhu, fumfuna ya sami gona. Da aka kunna, fanka ta riƙa feso ƙwayoyinsa cikin ɗaki, tsohuwa tana shaƙa.

Daga baya na karanta cewa wannan tatsar laima ita ce ma asalin abin. A 1902 wani injiniya na ƙasar Amurka, Willis Carrier, ya tsara na'urar farko irin ta zamani, ba kuwa don mutane su ji daɗin barci ba. Wata maɗaba'a ce a birnin New York laima ke kumbura mata takarda, launuka su ƙi hawa daidai, shi ne ya nemo mata magani. Jin daɗin mutane daga baya ya biyo.

Dattijon ya wanke ƙarafunan, ya busa tiyon har laka ta fito, ya share ganyaye da yanar gizo daga kashin waje. Baba ya tambaye shi ko za a ƙara gas. Ya ce a'a, gas ba man mota ba ne da zai ƙone ya ƙare, zagayawa kawai ya ke yi. In ya ragu, to, akwai inda ke yoyo, sai a nemi wurin a liƙe tukuna. Wannan kuwa, da duk abin da ya shafi wayar lantarki, aikin mai gyara ne. Ya kama kunnena ya ce, “Kai iyakarka rariya, ita ma sai ka kashe wuta.”

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya buɗe taga. Na ce, “Malam, ai sanyin zai gudu.” Ya ce irin wannan na'ura ba ta shigo da sabuwar iska daga waje ko kaɗan, ta cikin ɗakin ta ke juyawa. Mutum kuwa ya kan ja numfashi wajen sau 20,000 a kwana guda. In an rufe ɗaki kullum, an kunna turaren wuta, an ƙona maganin sauro, duk suna nan ciki suna kewayawa, sai dai sun yi sanyi. Ya ce kowace safiya a kashe na'urar, a buɗe taga da ƙofa, iska ta ratsa. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon a kaɗe su.

Zai tafi ke nan, ya ga janaretanmu a cikin zaure, dab da tagar Kaka. Yayana ne ya shigo da shi ciki saboda tsoron ɓarayi. Nan fa na ga fuskar dattijon ta sake. Ya ce da Baba, “Alhaji, ka gafarce ni, amma wannan ya fi rariyar haɗari nesa ba kusa ba.” Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba da a ke kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum ya fi saurin kama ta fiye da iskar da ke rayar da mu sama da sau 200. Wanda ya shaƙe ta zai ji ciwon kai da jiri da kasala, barci ya ɗauke shi, mai yiwuwa ne kuwa ba zai farka ba. Irinta ce ke fita daga kaskon gawayi da wasu ke shiga ɗaki da shi da hunturu su rufe ƙofa. Babu rariyar na'urar da ke iya tare ta. A ranar Baba ya sa aka fid da janaretan can ƙarshen fili, nesa da kowace taga, aka ɗaure shi da sarƙa.

Bayan kwana biyu aka sallamo Kaka. Na jira har kowa ya fita, na shiga na durƙusa a gabanta, na gaya mata duk abin da na yi, har da ƙaryar da na riƙa yi wa Baba. Ta daɗe tana kallona. Can ta ce, “Af, ashe kai ne ka so ka zama gwauro da ƙuruciyarka?” Ta kama hannuna ta ce ta yafe, amma da sharaɗi: duk ran da na wanke rariyar, sai na kawo mata ta gani kafin in mayar.

Haka kuwa aka yi har shekara shida da ta ƙara a duniya. Ran Asabar ɗin wanki in kawo mata rariyar busasshiya, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga ta sama wajen taga, ta kanne ido ɗaya. In ta hango hasken rana ta cikin kowane ido na ragar, sai ta miƙo mini ta ce in mayar. In kuwa ta ga wani lungu ya yi duhu, ta nuna shi da ɗan yatsa, in koma bakin famfo.