Daga Kabarin Gramsci Zuwa Bakin Tekun Ostia

Jirgin ƙasan da ke zuwa Ostia daga tashar Porta San Paolo yake tashi, a birnin Rum. Kafin in shiga sai da na ratsa maƙabartar da ke kusa, inda kyanwoyi ke kai da komo tsakanin kaburbura. Nan aka binne Antonio Gramsci, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar kwaminis ta Italiya, kuma da sunansa marubuci Pier Paolo Pasolini ya fitar da kundin waƙoƙinsa na 1957. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun 1949 jam'iyyar ta kori Pasolini bisa zargin rashin ɗa'a, ga shi 'yan kwaminis ne suka kashe ƙaninsa Guido a 1945, amma duk da haka bai juya wa talaka baya ba.

Ta tagar jirgi na riƙa hango dogayen gidajen haya, an shanya wanki a baranda. Irin waɗannan unguwanni na bayan gari Pasolini ya faɗa lokacin da ya iso Rum da mahaifiyarsa a 1950, ba ko sisi. Da bakin yaran wurin ya rubuta littafin da ya kai shi gaban alƙali. A 1966, yana jinyar gyambon ciki, ya zauna ya tsara wasannin kwaikwayo shida, duka a waƙe. Da ɗalibai suka yi arangama da 'yan sanda a Valle Giulia da ke Rum a 1968, sai ya tsaya wa 'yan sandan, don su ne 'ya'yan talakawa, ɗaliban kuwa 'ya'yan masu hali. Abokan tafiyarsa sun ji haushi ƙwarai. Ni kam a nan na fi ganin girmansa.

Daga Ostia na hau bas zuwa Idroscalo, kusa da inda kogin Tiber ke shiga teku. Fili ne mai ciyayi da iskar gishiri, da wani farin gunki a tsakiya. Nan aka tsinci gawar Pasolini ranar 2 ga Nuwamba 1975, an yi masa dukan kawo wuƙa, an bi ta kansa da motarsa. Yana da shekara 53. Kotu ta ɗaure wani yaro ɗan shekara 17, wanda a 2005 ya fito ya ce wasu ne suka aikata. An sake buɗe bincike a 2010, aka rufe a 2015 ba tare da an gurfanar da kowa ba.