Jerin da ke raguwa

Duk ɗalibin da ya kai shekara ta uku a jami'a, ko a Maraɗi yake, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ya san jerin nan na adireshin imel da ke yawo daga waya zuwa waya. Na ma'aikatu ne da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, wuraren da muke fatan su ɗauke mu istaj. Wani ya gada daga yayansa, ya ƙara biyar, ya tura wa abokinsa ta WhatsApp, shi ma ya ƙara nasa. Kowa na ƙarawa, ba mai ragewa. Wanda ya iso hannuna layi 140 ne, duk wanda ya gani sai ya ce: "Kai, ai kamar ka samu ne!"

Tun farko na kafa wa kaina doka: adireshin da na riga na aika wa takarda, sai ya bar jerin. Kowace Juma'a bayan La'asar nakan buɗe akwatin saƙonnin da na aika, in ajiye shi kusa da jerin, in bi layi-layi. Iri uku nake fiddawa. Akwai waɗanda na yi amfani da su. Waɗannan nakan maida su wani shafi tare da ranar aikawa. Akwai waɗanda saƙo ya dawo daga gare su, ko don mai adireshin ya bar aikin, ko don an rufe akwatin. Sai maimaici: adireshi guda an rubuta shi sau uku, nan da manyan baƙaƙe, can da ƙanana, alhali akwati ɗaya ne. Excel na da maɓallin cire maimaici, amma idan an yi kuskuren rubuta harafi ɗaya ba ya gane shi, dole sai da ido.

Bayan wata biyu, layi 31 suka rage.

A fada, muna jiran shayi na biyu, wani abokina ya leƙa wayata ya ce: "Haba aboki, me ya sa kake kashe wa kanka kasuwa? Ni duk Litinin nake tura musu gaba ɗaya. Mai nema yana tare da samu." Na gane shi sarai. Dogon jeri yana kwantar da hankali. Idan baba ya kira daga gida ya tambayi inda aka kwana, kana da abin faɗa: na aika wa wuri sama da ɗari.

Amma a ɗaya gefen mutum ne ke zaune. Sakatariyar da ta ga sunanka sau shida da takarda iri ɗaya za ta riƙe sunan, sai dai ba yadda kake so ba. Wani lokaci ma ba ta gani, domin akwatin imel kan tura saƙon da ake ta maimaitawa cikin tarkace. Kuɗin intanet kuwa sun tafi, ga jika ɗaya ba ta da arha a aljihun ɗalibi.

Abin da ya fi damuna shi ne ruɗin kai. Wanda bai share ba yana iya shekara yana ƙwanƙwasa ƙofofin da ya riga ya ƙwanƙwasa, yana jin yana ƙoƙari. Layi 31 sun tsorata ni, gaskiya, amma su suka tashe ni tsaye. Na buga dosiye na bi ofis-ofis da ƙafa, tunda zuwa da kai ya fi saƙo. Na tambayi malamaina sunayen wuraren da ba su cikin jerin kowa. Inda na aika kwana 30 ba amsa, nakan rubuta tunatarwa sau ɗaya tak, cikin ladabi, da ranar saƙon farko.

Har yanzu ina jira, kamar yawancinku. Roƙona guda ne, ƴan uwa: kafin ku miƙa wa ƙannenmu na shekara ta biyu jerin nan, ku zauna ku tace shi. Ku cire matattun adireshi, ku sa alama gaban waɗanda suka taɓa amsawa.